Badamasi na Gudu da Sansar da Ta Ƙi Fita

Duk mai bi ta bayan kasuwar Gudu da sassafe ya san Malam Badamasi makanikin babur, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan da ke isowa kafin masu tumatir su sauke kwanduna, ya share gindin darbejiya, ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanu daga ƙarama zuwa babba. Sai ya zauna shan kokon Indo mai abinci, yana mitar ta cika masa ruwa, ita kuma tana ce masa bakinsa ne ya tsufa. Shekara ashirin da shida ana wannan faɗan, har yau ba wanda ya ci. Ƙarshen watan nan zai naɗe buhunsa ya koma Malumfashi. Hannunsa ya fara rawa, shi kuwa ya ce ba zai taɓa injin mutane da hannu mai rawa ba.

Ya ga zamanin acaba, lokacin da babura ke layi a gabansa har bakin kwalbati. Da aka hana su shiga cikin gari abokan sana'arsa suka watse, wasu Kuje, wasu Mararaba, shi ya tsaya. Can sai gari ya buɗe, benaye suka tashi, ofisoshi suka fara sayo manyan babura marasa kafireta, masu wayoyi birjik da 'yar fitilar gargaɗi. Makanikai da dama suka samo wa fitilar magani mai sauƙi: in ta kama, a manna mata baƙin salatif, a ce wa mai babur an gyara.

Irin wannan gyaran aka yi wa Thaddeus shekara shida da suka wuce, mai kai allurar rigakafi ƙauyukan bayan Kuje a babur ɗin wani asibitin sa-kai. Watansa uku da samun aikin fitilar ta kama, babur ya shiga tari yana zuƙe mai. Tsoron kada a ce shi ya lalata ya sa ya kai wa wani a bakin titi a ɓoye. Mutumin ya gane laifin sansa ne, 'yar na'urar da ke ɗaure a jikin salansa, wato bututun hayaƙi, tana auna hayaƙin. Amma tana can ƙasa, matse tsakanin inji da ƙarfen jikin babur, inda sifana ba ta shiga. Ya sa mata guduma da cizal har ya cinye gefen kanta, da ta ƙi motsi ya rufe fitila da salatif ya sallame shi. Ran Litinin za a duba baburan asibitin. In haƙoran ramin da sansar ke ciki suka lalace sai an yo odar salansa daga waje, kuma Thaddeus ya san ranar za a karɓe makulli a hannunsa.

Ya iso Gudu ran Asabar, ido ya yi ja. "Baba, in wannan abu ta karye, aikina ta tafi," in ji shi.

Badamasi ya kwanta a ƙasa ya daɗe yana leƙe. Da ya tashi ya ce, "Zan cire ta in Allah Ya yarda. Amma salatif ɗin nan kai za ka ɓare shi da hannunka."

Ɗangoggo mai walda, wanda rumfarsa ke kusa, har yau yana ba da labarin. Ya ce Badamasi ya ɗauko sifana mai zobe lamba ashirin da biyu, wadda ya fi ji da ita, ya sa shi ya tsaga zoben don wayar sansar ta wuce, ya lanƙwasa mariƙin har sau biyu. Ya tada inji salansa ta yi ɗumi, ya kashe, ya ɗiga man birki a gindin sansar, ya tafi sallar azahar. 'Yan kallo, waɗanda ba a rasa su a bakin kasuwa, suka yi ta ba da fatawa a yanke salansa kowa ya huta. Ya dawo ya sake ɗumamawa, ya sake ɗigawa, ya cusa hannu ta ƙasa. Yakan ɗaure sansar kaɗan kafin ya gwada sassautawa, kamar mai lallaɓa haƙorin da ke girgiɗi. Salansar ta ƙone masa bayan hannu, ya ƙi janyewa, don in sifanar ta zame sau ɗaya sauran kan ya tafi. Ana kiran la'asar sansar ta yi ƙara ta juya. Haƙoran ramin lafiya lau. Suka ɗaura sabuwa, fitila ta mutu da kanta, Thaddeus ya zauna a kan benci ya rufe fuska da hularsa.

Kai ne, Badamasi, mai haƙurin da ƙarfe ke jin maganarsa. Kai ne ka yanka sifanarka don aikin wani ya tsira, kuma ba mu taɓa jin labarin daga bakinka ba. Mu da muka san gindin darbejiyar nan tun Gudu tana rabin daji, wallahi za mu yi kewarka.

Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya huta gajiya. Ku kuma masu riƙe da sifana a yau, ku ajiye guduma da salatif, ku koyi jira, don a bayan kowane noti akwai abincin gidan wani. Thaddeus dai yana nan a bakin aikinsa shekara shida ke nan, kuma ya riga ya nemi hutun ranar tafiyar. Ya ce ba tasin da za ta kai Baba tashar Jabi, a bayan babur ɗin nan zai ɗauke shi.