Kalmar da Na Saka a Layin da Ba Nata Ba

Shekarata ta biyu ke nan ina koyar da Ingilishi a wata ƙaramar kwaleji a unguwar Dassasgho lokacin da ɓarin jikin Baba ya shanye. A tsakar gida ya faɗi, da buta a hannu, yana shirin alwalar la'asar. Ya yi sati uku a asibiti, sannan muka dawo da shi gidanmu na Zongo, yana jan ƙafa ɗaya, bakinsa a karkace.

Likita ya ce magana za ta dawo sannu a hankali. Ta dawo ɗin, amma ba wadda muka sani ba. Baba mutumin Maradi ne, tsohon direban babbar mota. Hausa yake yi da mu, Mosanci, yaren mutanen garin, da maƙwabta, Faransanci da 'yan duwan, wato 'yan kwastan. Duk suka ɓace masa. Abin da ya rage sai Fatiha, sai wasu kalmomin Ingilishi da ba mu taɓa ji a bakinsa ba. Idan yana jin ƙishirwa sai ya ce, "Water." Idan ya ji babur ya wuce sai ya ce, "Road." Inna ta riƙa kirana daga ɗaki.

"Zo ki ji, me kuma yake so?"

Mun san ya yi hanyar Tema ta ƙasar Gana tun kafin a haife ni, can ya tsinto kalmomin. Mun kuma san ya bar hanyar. Ko lokacin da yaƙi ya toshe hanyar Abidjan, direbobi duka suka koma Gana, shi Lome kawai yake zuwa. Ba wanda ya tambaye shi dalili. Ba a yi wa Baba irin wannan tambayar.

A watan ina koya wa 'yan aji ɗaya ire-iren sunaye: suna gama-gari kamar mota ko gari, sunan yanka na mutum ko na wuri, sunan taro kamar garke, da sunan abin da ba a gani ba a taɓawa, kamar tsoro ko gaskiya. Da yake kaina cike yake da wannan, sai na ja layi huɗu a bayan littafin shirin darasina, na riƙa rubuta duk kalmar da Baba ya furta a layinta, da ma'anarta da Hausa, don Inna ta haddace. Layin farko ya cika: ruwa, hanya, taya, gada, asibiti. A na biyu akwai Tema da Kumasi. Na uku bai samu komai ba. A na huɗu kalma ɗaya ce tak.

Ba zan rubuta ta a nan ba. Ma'anarta haƙuri. Akwai ta a Faransanci ma, amma shi da lafazin mutanen Gana yake faɗinta. Ya fi faɗinta da hantsi, in an fito da shi kan tabarma a gindin darbejiya. Ba ya kallon kowa, ƙofar gida yake kallo. Sai ya faɗa sau biyu, sau uku, da ɗan ƙarfi.

Na fassara wa Inna. Ta share ido da bakin zane ta ce, "Haƙuri muke yi, Malam. Kai ma ka yi haƙuri." Kullum haka take amsa masa.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci, wani tsohon abokin tafiyarsa ya zo daga unguwar Cissin duba shi. Kawu nake ce masa. Tare suka yi shekarun Gana, Baba a sitiyari, shi a gefe. Yana zaune ana gaisawa Baba ya dubi ƙofa ya faɗi kalmar. Na ga Kawu ya ajiye kofin shayi bai sha ba. Da zai tafi na raka shi wurin babur ɗinsa, na ce masa Baba yana ta ba mu haƙuri.

Ya daɗe yana riƙe da makulli.

"'Yata, ba haƙuri yake ba ku ba. Sunan yarinya ne."

Kawu ya ce da hantsi abin ya faru, a wani ƙauye bayan Kumasi. Yarinya 'yar shekara shida ko bakwai ta biyo akuya ta faɗo titi. Baba ya taka birki, amma mota ɗauke take da siminti. Bai gudu ba. Ya sauko ya ɗauke ta da hannunsa, ya saka ta gaban mota ita da uwarta, suka nufi asibiti. Uwar tana ta kiran sunan tun daga ƙauyen, ba ta daina ba ko bayan yarinyar ta cika a hanya. Hukuma ta ce ba laifinsa ba ne, aka sake shi. Da suka dawo ya sa Kawu ya rantse ba zai faɗa a gida ba.

"Yau na karya rantsuwar," in ji Kawu. "Allah ya yafe mini."

Na koma ciki na buɗe littafin. Ni da nake jan kunnen yara kullum cewa sunan yanka da babban baƙi ake fara shi, ga nawa nan da ƙaramin baƙi, a layi na huɗu. Na kasa gyarawa. Ban kuma gaya wa Inna ba.

Bayan kwana biyu Inna ta tafi gaisuwar mutuwa unguwar Tanghin, aka bar ni da shi. Ina shigowa da kunu daga waje, ina daidai ƙofa, ya kira sunan. Har yau ban san abin da ya sa ba. Na ce, "Na'am, Baba."

Ya ɗago ya dube ni. Ban taɓa ganin ido irin wannan ba. Ba ni yake gani ba. Ya miƙo hannun da ke aiki, na durƙusa, ya shafa kaina a hankali, ya bi wuyana da kafaɗata da yatsu, kamar mai neman inda ya karye. Hawaye ya zubo ta ido ɗaya. Kunun ya huce a hannuna.

Daga ranar bai sake faɗin kalmar ba. Inna ta lura, ta ce da alama ya samu sauƙi a zuciyarsa. Wataƙila haka ne. Amma daga ranar kuma, in na shigo da abinci, sai ya juya fuska bango, sai na fita Inna ta ba shi. Haka muka yi wata huɗu. Ya rasu farkon damina, ranar Talata, ina cikin aji.