Muryar Baba a Bakin Yaya

Allah ya yi wa yayana baiwar kwaikwayo, kuma ban san ranar da ya yi abin kirki da ita ba. Tun muna yara a unguwar Bani Malik ta Jidda, in mutum ya yi magana a gabansa sau ɗaya, to ya sace masa murya ke nan. Ladanin unguwa, Bayamanen da ke sayar da burodi, malaminsu na lissafi mai magana ta hanci, duk suna cikin maƙogwaronsa. Mukan yi dariya har ciki ya ƙulle. Ni ƙanwarsa na fi kowa zuga shi, don haka na san abin da nake faɗa.

Babanmu mai gadin wani bene ne. Da can dako yake yi a tashar jiragen ruwa, da bayansa ya gaza sai ya samu kujera a ƙofar benen da ɗakuna biyu a ƙarƙashin matakala, nan muka girma. Larabcinsa na wanda ya koya da furfura ne, harafin nan da ake kakaro shi daga maƙogwaro bai taɓa zama a bakinsa ba. Mutanen Jidda in za su ce wa baƙo ya shigo, "khush" suke cewa. Baba kuwa "hush" yake cewa, ita kuma hush a Larabci da ita ake korar kaji. Ga shi mutum mai son baƙi, da ya hango mutum zai miƙe yana dafe da ƙugu, fuska a sake, yana "hush, hush, ya marhaba!" Mazauna benen sun saba, ba wanda abin ya dama.

Da Yaya ya girma sai ya samu shiga wani kamfani mai yin katun na barkwanci, irin wanda ake nunawa da azumi bayan shan ruwa. Shi ke yi wa zanen murya. Muka yi murna, Inna har ta raba wa maƙwabta waina.

Wata ranar azumi muna zagaye da tire, ga sambusa ga kunu, aka saka shirin. Sai ga wani mai gadi a allon talabijin, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, leɓɓansa jajaye sun cinye rabin fuskar. Ya buɗe baki, sai muryar Baba ta cika ɗakin. Ba hush kaɗai Yaya ya sayar musu ba. Har da ɗan tarin da Baba ke yi kafin ya yi magana, da salatin da yake ja in zai tashi daga kujera, da "to, to" ɗinsa na Hausa a tsakiyar Larabci. Duk baƙon da mai gadin ya ce wa hush sai ya rikiɗe ya zama kaza ya ruga da gudu.

Baba ya fara dariya, don bai gane ba. Can sai dariyar ta tsaya. Ya ajiye kofin kununsa, ya dubi Yaya, ya ce, "Ka iya." Ya ɗauki hularsa ya tafi masallaci tun ba a kira isha'i ba.

Washegari yaran unguwa suka samu abin yi. Su taru a tsallaken titi suna kaɗa gwiwar hannu kamar fukafuki, suna hush hush, in ya ɗago kai su watse. Manya ma ba su bar shi ba, har mai kawo tukunyar gas sai da ya taɓa. Baba ya janye kujerarsa daga bakin ƙofa ya kai ta cikin zaure, bayan akwatin mitar wuta. Daga lokacin in baƙo ya zo da hannu yake nuna masa hanya. Haka ya yi ta gadin nan shiru har ciwon da ya ɗauke shi.

Inna ba ta zagi Yaya ba, da ma ta zage shi da ya huta. Ta dai daina yi masa magana. In ya gaishe ta takan amsa don Allah ya ce a amsa, sai ta tsuke baki. Ya yi aure ba ta taka gidansa ba. Ya haifi 'ya'ya biyu, sai dai a kawo mata su. Mutumin nan ya yi ƙiba, ya sayi mota, ya koma unguwar masu hali, amma in ya zo gabanta sai ya zama abin tausayi, yana ta leƙen fuskarta ko za ta ce masa ko da sannu. Abu ɗaya yake nema a duniya, ta ce ta yafe. Ni ban taɓa tausaya masa ba, ban kuma ɓoye masa hakan ba.

Da aka fara zuba tsofaffin shirye-shirye a manhajojin kallo, katun ɗinsu ya shiga gaba ɗayansa. Wata rana na shiga ɗakin Inna na tarar da ita kwance, ta kifa wayarta a kan matashi don kada ta ga zanen, tana sauraro ido a rufe. Jikarta ce ta nuna mata inda za ta danna. Baba bai bar mana muryarsa a ko'ina ba, shi da waya sai "lafiya, lafiya" ya kashe, hotonsa ma na iƙama, katin izinin zama, shi ne kawai muke da shi. Na ja ƙofa na fita, ban gaya wa kowa ba.

Sai kuma kashin shirin da mai gadin yake ciki ya ɓace daga manhajar. A jerin shirin lambarsa ta tsallake, kamfani bai ce uffan ba. A intanet aka yi ta cece-kuce, wasu na cewa da ma ya kamata, wasu na kukan an lalata musu yarinta, wai wasa ne, waye ke da kwafi ya taimaka. Na karanta ina tsaki, don na san irin yarintar da suke nufi, a tsallaken titinmu aka yi ta. Inna kuwa ta ɗauka wayarta ce ta lalace, kullum sai ta miƙo mini in duba.

Yaya ya kira ni. Ashe ya daɗe yana zarya kamfanin yana roƙon a cire. Ni dai na fi zaton tsoron bakin duniya ya sa suka cire, wa zai saurari mai yi wa zane murya? Ya ce zai zo ranar Juma'a ya yi wa Inna albishir. Na san abin da zai taka, na ce masa sai ya zo.

Ya zo bayan an sauko daga masallaci, da farar jallabiya da matarsa da yaran. Ya durƙusa a gabanta ya miƙa waya.

"Inna, halas, an cire. Wallahi ma fi, ko'ina babu. Ni na sa aka cire shi."

Inna ta dubi wayar, ta dube shi. Wannan ne karo na farko da na ga ta kalle shi cikin ido tun bayan rasuwar Baba.

"Kai ka sa?"

"Ni ne, Inna. Ba wanda zai sake jin sa."

 Ta gyara zama ta jingina da bango.

"To ai kai kana nan. Yi mini."

"Inna, don Allah. Ga yara."

"Yi mini na ce."

Ya dube ni yana neman ceto, na mayar da idona kan ƙafafuna. Matarsa ba ta san kan zancen ba, ta dai riƙe jakarta. Yaya ya yi ɗan tarin nan, ya ja salatin tashi daga kujera.  Ɗansa ya fashe da dariya, yana cewa da Larabci a sake, a sake, bai san wa ake kwaikwayo ba.

Inna ta rufe ido. "Ba na talabijin ba," ta ce. "Yadda yake cewa in ya dawo daga masallaci."

Hawaye na bin kumatunsa ya ce, da muryar Baba, "Mai ɗaki, akwai shayi kuwa?"

"Akwai, Malam," in ji Inna, cikin wata murya mai laushi da na manta tana da ita. "Ka daɗe."

Suka yi ta hira. Ta tambaye shi bayansa, ya ce da sauƙi. Ta ba shi labarin famfon da ya lalace, da maƙwabciyar da ta koma gida Sudan, yana ta "to, to". Fuskarta ta saki, har da ɗan murmushi. Yaya ya ga haka sai ya ɗauka ƙofa ta buɗe. Ya matsa ya kama ƙafarta, ya ce da tasa muryar, "Inna, ki yafe mini."

Ta janye ƙafar, ba ta buɗe ido ba.

"Ba da kai nake ba," ta ce. "Mayar mini da shi."