Salmanu Mai Jihaz da Turken Akuya

Duk garin Mai Wurno babu wanda bai san Salmanu mai jihaz ba. Da can ya bi ayarin masu neman zinariya zuwa arewa, ya dawo ba zinariya ba labarinta, sai wannan sanda mai faifai a ƙasa, wadda ke kuka in ta ji ƙarfe, ita ake kira jihaz. Bai damu ba. Damina yana gonar dawarsa, in kogi ya ja baya ya bi yashi yana tono tsofaffin kwabbai masu huda da ɓarin 'yan kunne, yana zubawa a gwangwanin madara.

Bayan mutane sun dawo daga gudun yaƙi, Hajja Sakinatu, ƙawar mahaifiyarsa, ta aiko masa. Munduwar azurfa ce, wadda kakarta ta zo da ita tun daga Sakkwato, kowace amarya a gidan da ita take fita. Ranar gudu ta binne ta cikin ruɗewa, yanzu ta manta wurin, ga bikin jikarta Nawal ya matso.

Salmanu ya bi tsakar gida kaf da jihaz. Ƙusoshi, murfin kwalba, tsohon cokali.

"Kai Salmanu," in ji Hajja, "wannan sanda taka bola ta iya, ko gidana ka zo yi wa huɗa?"

"Inna, ke kika ɓoye, ni ake zagi?"

Wuri ɗaya kawai yake kewayewa, turken akuya. Na ƙarfe ne, dole jihaz ya yi kuka a nan, ya san babu amfanin tono. Haka suka kai la'asar. Hajja ta daina tsiya, ta zauna a bakin gado, shayin da ta zuba masa ya huce.

Akuyar ce ta kama wayar jihaz da tauna. Cikin haushi ya tuge turken, ya ja akuyar da shi bayan ɗaki. Da ya dawo ya ɗauki sandar, faifan ya ratsa bakin ramin, sai kuka, alhali turken ba ya nan.

Hajja ta dafe kai. "Wallahi nan ne! Na ce wa zai tona kashin akuya?"

Salmanu ya tona, ya fito da wani ƙullin tsumma. Hajja ta kwance tsumman, ta goge munduwar da gefen mayafi, ta ƙwalla wa Nawal kira.

"Zo maza in gwada, kada hannun naki ya yi ƙiba."