Yatsu Biyun da Yaya Ilu Ya Ɗaure

Bana shekara talatin da takwas ke nan da rasuwar Yaya Ilu mai haɗa gurmi a Gwarzo, Allah Ya jiƙansa. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, don a ganina wanda ya san shi ba ya bukatar tuni, wanda bai san shi ba kuwa me zai yi da labarin mai fafe duma? Wani abu da na gani a kasuwar Kabo watan jiya ne ya sauya mini ra'ayi. Zan zo kansa, amma sai na fara gaya muku ko wane ne Ilu, da abin da ya haɗa shi da hannuna na hagu.

Sunana Gambo. Ni makaɗin gurmi ne tun ina saurayi, a zamanin da gyaɗa ke tashe, lokacin da ba a rasa gayya da damina, ba a rasa kokawa da kaka. Ba dangi muke da Ilu ba. Ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma shi ya haɗa mini gurmina na fari, shi ya sa nake ce masa Yaya. Saboda yaran yanzu, bari in ce gurmi rabin ƙwarya ne da aka rufe wa baki da fata, aka soka masa sanda, aka ja tsirkiya biyu a kai. Hannun dama ke kaɗawa, na hagu ke danna tsirkiya a jikin sanda don murya ta hau ko ta sauka.

Rumfarsa tana bayan kasuwa, kusa da majema, kuma wari kan riga ka isa. Da safe zai jiƙa fata, ya zauna kankare ƙwarya da wata guntuwar wuƙa da wasawa ta cinye, in rana ta ɗaga ya ɗame fatar ya kafe ta da ƙananan turaku na kara, ya jera a inuwa, don ya ce rana na sa fata ta yi faɗa. Da yamma sai sassaƙar sanda da murza tsirkiya a cinya. Kakanninsa makiyaya ne, kuma ina jin daga nan ya gaji sanin fata, don yana shafa ta zai gaya maka akuyar ta sha wuya ko ta ji daɗi. Duma kuwa ba ya sayen na kasuwa. Garin Kutama yake takawa tun duman yana jikin yaɗo, ya bi gona yana ƙwanƙwasawa yana kara kunne, masu gona na yi masa dariya.

Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne, ba ya haɗa gurmi ya ajiye jiran mai saye. Sai ka zo da kanka. Zai sa ka ƙwala wa wani kira daga nesa don ya ji muryarka, sannan ya kwaɓa laka ya ce ka damƙa, ya ajiye damƙar ta bushe. Da ita yake auna kaurin sanda. Na tuna wani direban babbar mota da ke ɗaukar gyaɗa zuwa Kano ya taɓa kawo masa jita daga Kudu, wuyanta ya tsage. Yini guda Ilu ya yi yana leƙa cikinta da ɓallin madubi, ya manta da tuwo, yana ta santin aikin. Da ya ɗaure tsagar ya miƙa wa mai ita, sai ya yi tambayar da ke cinsa: "To shi wanda ya yi ta, a ina ya ga hannunka?" Direba ya ce ai a kanti ya saya. Ilu ya daɗe yana jinjina wannan magana.

A wata kaka, gyaɗa ta yi kyau har aka rasa hannun ɓarewa, sai aka kawo injin ɓara na hannu ƙauyenmu a Durun, irin wanda mutum ɗaya ke jijjiga mariƙi wani na zuba gyaɗa. Ni ne mai zubawa. Gyaɗa ta cushe, na sa hannu in ture ta, mai jijjiga bai gani ba. A kan buhunan gyaɗa aka kwantar da ni a bayan mota zuwa asibiti a Kano, na dawo babu manuniya babu na tsakiya a hannun hagu. Su ne kuwa yatsun da nake danna tsirkiya da su.

Ba zan ɓoye ba, na yi kuka, kuma ba don zafin ciwo ba. Ban iya komai ba sai gurmi. Da shi aka san ni, da shi na yi aure, saboda shi 'yan kokawar garinmu ba sa shiga fili sai sun ji ni a bayansu. Kafin raunin ya gama warkewa har sun sami wani makaɗi, ban kuma ga laifinsu ba. Mutane suka fara gaishe ni da irin muryar da ake gaida mai takaba. Na gwada juya gurmin in danna da dama, abin ya ƙi, don guntun hannun ya kasa riƙe kiɗa. Sai na ɗauki gurmina na kai wa Ilu, na ce ya ba wani mai yatsu.

Bai ce mini sannu ba. Wannan ya ba ni haushi a lokacin, yanzu kuwa shi na fi gode masa. Hannuna ya kama yana juyawa kamar ya sami sabon duma, ya lanƙwasa ƙaramin yatsa da na kusa da shi, ya ce in matse nasa da su iya ƙarfina.

"Ashe da saura," in ji shi.

Na ce, "Yaya, saura me? Waɗannan ko ƙuda ba sa kashewa."

Ya ce, "Ban tambaye ka ƙuda ba. Damƙi lakar nan."

Da na koma bayan mako guda, na tarar ya naɗe manuniyarsa da na tsakiya na hagu cikin tafin hannu, ya ɗaure su tamau da tsirin fata. Na zaci yanka ya yi. Ya ce a'a, laka ta nuna masa girman hannuna, amma ba ta gaya masa abin da hannun zai iya ba, kuma shi ba zai haɗa gurmi don hannun da bai sani ba. Da ɗaurin yake sassaƙa, da shi yake ɗame fata, da shi yake gwada kiɗa. Alwala kaɗai ke sa ya kwance, yana sallamewa ya mayar. Matarsa Kande ta tare ni a ƙofar gida ta ce, "Gambo, ka yi wa Allah ka yi wa yayanka magana. Jiya ya saki tulu, yau ya sassaƙe gefen hannunsa. Mu da muke da mai guntun hannu ɗaya a ƙasar nan, yanzu sun zama biyu." Na yi masa maganar. Ya ce in je in ci gaba da matsa ƙwallon goriba da yatsun nan biyu kamar yadda ya umarce ni, in bar shi da aikinsa.

Gurmi na farko da ya haɗa a haka bai yi ba, sandar ta yi wa ƙaramin yatsa kauri. Na biyu ya rage kauri, sai sandar ta riƙa juyawa a hannu, don babu manuniyar da za ta tallafe ta. Shi ya gano wannan, ba ni ba, ni dai na san abin na kuɓuce mini kawai. Rani ya wuce, bazara ta zo, mutanen kasuwa suka gaji da tsokanarsa suka bari. Wasu masu jiran gurminsu suka yi fushi suka tafi wurin wani. Ni kaina na fid da rai, har na fara tambayar aikin gadi a rumbunan gyaɗa na Kano.

Ana tsakiyar damina ya aiko a kira ni. Wannan karon ya gajarta sanda, ya sirantar da ita, ya rage tsayin jaki, wato ɗan karan da tsirkiya ke hawa, don ta kwanta kusa da sanda yadda raunanan yatsu za su iya danne ta. Sannan ya fafe wani ɗan kwarmi a gefen sandar daga sama. Da na riƙe, sai dungulmin yatsuna ya faɗa cikin kwarmin nan daidai, sanda ta tsaya cak. Na taɓa tsirkiya, ta amsa. Muryar ta fi ta gurmina na da siranta, tana da wani ɗan kuka a ƙarshenta saboda ƙaramin yatsa ba ya dannawa gaba ɗaya, jan tsirkiyar yake yi. Na ce masa wannan aibi ne. Ya ce in bari mutane su faɗa.

A kokawar kakar nan, a Kabo, na tsaya a bayan 'yan garinmu da sabon gurmina. Ban kai ƙarshen taken farko ba fili ya yi tsit, sannan aka ɓarke da shewa. Kukan nan da na kira aibi, shi aka riƙa zuwa ji daga Gammo da ƙauyukan gaba. Na yi shekaru ina kiɗa bayan nan, kuma samari da yawa sun zauna a gabana suna kallon hannuna suna koyo.

Ilu ya kwance ɗaurinsa ranar da ya ba ni gurmin, amma yatsun ba su ƙara miƙewa sosai ba. Sun zauna a lanƙwashe har ya koma ga Allah. In an tambaye shi sai ya ce sanyi ne. Ga kuma tambayar da na kasa yi masa yana da rai, har yau tana damuna: don ni ya yi, ko don abin ya ɗaure masa kai ne ya kasa haƙura sai ya ga ƙarshensa? Na tambayi Kande ranar sadakar bakwai. Ta share hawaye ta yi 'yar dariya ta ce, "Kai ma ka san shi. Ba ya iya ganin tambaya a hanya ya wuce. Amma ranar da aka kai ka Kano bai ci abinci ba." Ta bar ni a inda ta same ni.

Nakan yi tunanin me zai ce da zamanin nan. Jikana ya nuna mini wani fiyano da ake latsawa ya fitar da muryar gurmi, ba ƙwarya ba fata. Na san Ilu ba zai yi tsaki ba, ba halinsa ba ne. Kwance abin zai yi ya leƙa ciki, ya hana yaron sakat da tambaya, mai yiwuwa ma ya lalata shi. A ƙarshe dai na san inda zai tsaya: wanda ya ƙera wannan, a ina ya ga hannunka? Yanzu takalmi da riga da abin kiɗa duk sai dai ka je ka gwada kanka a jikinsu. Ban ce hakan laifi ba ne, ya fi sauƙi, kuma kowa na samu. Mamaki kawai nake yi yadda muka saba da shi da wuri.

To, watan jiya na je kasuwar Kabo sayen igiyar akuya, sai na ji gurmi daga wajen 'yan hatsi, da kukan nan a ƙarshen murya. Na bi sautin. Wani magidanci ne matashi, yatsunsa biyar cif, amma ya naɗe manuniya da na tsakiya cikin tafin hannu, yana danna tsirkiya da ƙananan biyun. Sandar gurminsa gajera ce siririya, ga kwarmi a gefe. Da ya tsaya muka gaisa, na tambayi gida da iyali, sannan na ce, "Ɗana, me ya sa kake naɗe yatsun nan?"

Ya ce, "Baba, ai haka ake kiɗan gurmi a ƙasar nan. Haka maigidana ya koya mini, shi ma haka ya gani wurin nasa."

"Kwarmin nan fa?"

"Haka masu haɗawa ke yin sa tun asali. Ado ne, ina ji."

Na ce ya gwada buɗe yatsun ya kaɗa in ji. Ya buɗe, ya taɓa, kiɗan ya watse masa, ya yi dariya ya mayar da su. Sai na zaro hannuna na hagu daga cikin riga, na karɓi gurmin. Dungulmin ya faɗa cikin kwarmin kamar jiya aka auna shi. Mutumin nan ya dubi hannuna, ya dubi nasa da ke naɗe har yanzu.

Ilu bai bar gida na a zo a gani ba, rumfarsa ma yanzu shagon cajin waya ne. Gurmin da ya haɗa mini gara ta cinye shi tuntuni. Abin da ya rage shi ne wannan: a tsakanin Gwarzo da Kabo akwai mutane masu cikakkun yatsu da ke naɗe biyu kullum in za su yi kiɗa, kamar yadda ya naɗe nasa saboda ni, ba su kuma taɓa jin sunansa ba. Matashin ya tambaye ni sunan, na faɗa masa, ya maimaita sau biyu don kada ya manta. Sannan ya ɗaga hannu, da yatsun a naɗe, muka yi wa Ilu addu'a.