Layi Ɗaya na Yaya Daƙiƙa

A masana'antar cika kwalabe kowa Yaya Daƙiƙa yake ce mata, domin ba ta san jira ba. Mijinta ma ya ce ko gaisuwa ya ja sai ta duba agogo. Shekara goma sha huɗu tana rubuta manhajar da ke sarrafa injinan, kuma ba a taɓa jin ta ce laifin nata ne ba.

Can cikin zuciyar kwamfutar ta ajiye wani ɗan aiki da masu sana'ar ke kira zare. Abin da yake yi kawai shi ne tura wa injin ƙunshin saƙo sau dubu a daƙiƙa. Sai saƙon ya fara makara. Kaɗan ne, amma ya isa bakin injin ya sauka kan kwalba a karkace. Kullum sai an share fasassun kwalabe.

Ranta ya ɓaci, ta ce wayar da ke kai saƙon ga injin ce. Ta ɗora laifin a kan mai haɗa waya, wani dattijo marar hayaniya. Sau biyu bawan Allah ya hau tsani ya sauya wayar kaf, tana ƙasa tana zuba mita. Makarar ko gezau. Manaja ya gaji, ya ce ranar Litinin dattijon ya miƙa makullansa.

Ranar Alhamis ta zauna bin sawun saƙon, wai don ta ƙara samun hujja a kansa. Abin takaici, tun kafin ya kai waya yake makara. Kwamfuta bi da bi take raba wa zaruruwa lokaci, ita kuwa a watan jiya ta ɗaga nata sama da kowa don kada ya jira. Ya kankane wurin, har zaren da ke fitar da saƙon zuwa waya ya rasa damar motsi. Layi ɗaya ne, kuma da hannunta ta rubuta shi. Tana gogewa injin ya daidaita.

Ta sami dattijon a ɗakin kaya yana naɗe wayoyi. Kunya ta kama ta, ta gaya masa komai, ta ce yanzu za ta je wurin manaja.

Dattijon ya ajiye wayar da ke hannunsa.

"'Yata, ai na riga na gaya wa iyalina idona ne ya gaza," in ji shi. "Tunda ke kika faɗa, ko a raina ban yi musu ba."