Takalmin da Aka Tsaga da Reza

A bakin wani kemis a Sharaɗa wani saurayi na zaune kan benci, rigar masana'anta a sama, gajeren wandon ƙwallo a ƙasa. Idon sawunsa na hagu ya kumbura suntum, har sheƙi yake. Yana tsaga gefen takalmin ƙwallonsa da reza don ƙafar ta samu shiga.

"Abdulbaƙi, ta uku ke nan a satin nan," in ji mai kemis, sirinji a hannu. "Ƙafar nan hutu take so, ba allura ba."

"Malam, ku dai yi min. Yau wasan ƙarshe ne, manaja ma zai zo."

Wataƙila ƙwallon ce ke riƙe masa aikin. Wataƙila in bai buga wa kamfani ba, ran Litinin ba zai ji sunansa ba in ana kiran ma'aikata a bakin get ɗin masana'anta.

Da allurar ta kama, ya cusa ƙafar a takalmi, ya miƙe, ya doka ta a ƙasa da ƙarfi.

"Alhamdulillahi, ba na jin komai!"

Mai kemis bai taya shi murna ba. Kumburin yake kallo, yana leƙowa ta tsagar takalmin.