Kullun da Ya Ƙi Tashi a Abu Hamour

Ranar wata Juma'a ce a watan Agusta, shekarar da na cika goma sha ɗaya, na ɗauko robar kullun masa daga bayan firji, inda ɗumin inji yake bugunta, na kai ta ɗakinmu na ajiye daidai ƙarƙashin esi, na'urar sanyaya ɗaki. Na ƙure sanyin, na ja ƙofa. Mama da Yaya Rahila sun tafi kasuwar Abu Hamour sayo kabewa da alayyafo na miyar taushe. Da la'asar za a yi godiya a cocinmu na Mesaimeer, domin a Doha Juma'a ce ranar sujadarmu, kuma an riga an sanar cewa masar da za a ci bayan addu'a ta hannun Rahila ce.

Ni a Doha na yi wayo. Mama ma'aikaciyar jinya ce; ta taho da ni ina goye, ta bar Rahila wurin Kaka a ƙauyenmu na kudancin Bauchi, har sai da takardunta suka fito tana da shekara goma sha huɗu. Kafin zuwanta ni ce hannun daman Mama. Ni ke ciniki da mai kanti da Larabci, ni ke matsa mata ƙafa idan ta dawo daga asibiti, ni ke rera waƙa a gaban coci. Rahila ta iso da kaushi a ƙafa, tana tsoron lif, tana durƙusa wa mai gadin ginin idan za ta gaishe shi. Na yi mata dariya har na ƙoshi.

Dariyar ba ta wuce mako biyu ba. Wata safiya Rahila ta jiƙa shinkafa, ta markaɗa, ta zuba yis da ɗan sukari ba tare da ta auna ba, kafin azahar kullu ya ture murfi. Mama ta gutsuri masar farko daga tanda, ta share ido da gefen zane. "Hannun Kaka ne," in ji ta. Ni ma na sha gwadawa, da cokalin awo da agogo, nawa sai ya kwanta kamar kunu. Daga nan matan coci suka koma tambayar Rahila labarin gida: ko damina ta yi kyau, ko har yanzu ana roron gyaɗa a gonar bayan tsauni. Ni ban taɓa ganin gyaɗa a cikin ƙasa ba.

Awa uku robar ta yi a cikin sanyi. Da na hango tasi daga taga, na mayar da ita inda take, na buɗe littafin lissafi.

Mama ta ɗaga murfi ta tarar da kullu a kwance, ko kumfa ɗaya babu. Ba ta yi faɗa ba. Ta bi abin ɗaya bayan ɗaya kamar tana duba majinyaci. Ta zuba yis a kofin ruwan ɗumi da sukari don ta ga ko ya mutu, ya taso cikin minti kaɗan. Ta ɗanɗana kullun ko gishiri ya yi yawa, bai yi ba. Ta tambayi Rahila ko da ruwan zafi ta dama, domin a watan Agusta famfon sanyi ma ƙona hannu yake yi. Rahila ta ce sai da ta bar ruwan ya huce a bokiti. Daga ƙarshe Mama ta ce ko dai Rahila ta manta yis ɗin gaba ɗaya, yau da mutum hamsin suke jira. Wannan ita ce maganar da na yi ta jira tun safe.

Rahila ta matso. Ta ɗora bayan hannunta a jikin robar, ta daɗe. Sai ta juyo ta kalle ni, ta kalli ƙofar ɗakinmu, inda sanyi yake fitowa ta ƙasa.

"Mama, sanyi ya kama shi," ta ce. "Bai mutu ba."

Ba ta ƙara komai a kai ba. Ta tari ruwan famfo a baho, ta zaunar da robar a ciki, ta lulluɓe da tawul. Babu sauran abin yi sai jira, don haka suka zauna a ƙasan kicin, Mama ta miƙe ƙafa suna gyaran alayyafo. Rahila ta fara ba ta labarin yadda Kaka take rufe tukunyar kullu da tsohon bargo a tsakiyar damina, daga nan suka shiga sunayen mutanen da ban sani ba, suka sauya zuwa yaren garinmu wanda ba na ji. Mama ta yi dariya har tana dafe ciki. Ban taɓa jin irin wannan dariyar a bakinta ba. Ina zaune a falo da littafi a buɗe, ni da kaina na ba su wannan awar.

Kullun ya tashi. Mun makara, mun shiga ana tsakiyar wa'azi, amma ko masa ɗaya ba ta dawo gida ba. Na yi makonni ina jiran ranar da Rahila za ta tona ni, ranar ba ta zo ba.

Yanzu ina zaune a Al Wukair, kudu da Doha, na san zafin da yis yake so, kullu kuma bai ƙara ƙi mini tashi ba. Baƙi suna yaba masata. Mama ta yi ritaya, na gyara mata ɗaki, ta gode, ta koma Bauchi wurin Rahila. Idan na kira su ranar Juma'a, sau da yawa ina jin ƙarar tanda da ragowar wata dariya da kirana ya katse. Har yau ban tantance ba ko masar Rahila nake kishi, ko shirun da ta iya yi.